Gwani da Maɓallin Komawa Baya

Akwai wani mai rubuta manhajar waya da abokan aikinsa ke kira Gwani. Ba su suka raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, suka bar masa don a zauna lafiya. Ya iya aiki, ba za a ƙwace masa wannan ba, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri.

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne a saman shagon tayoyi, da tebur huɗu da fanka mai ƙara. Wani asibiti ya ba su aikin manhajar da marasa lafiya za su riƙa neman ganin likita da ita. Oga ya damƙa wa Gwani, ya faɗa a gaban kowa cewa ranar Alhamis za a nuna ta, in ta ba su kunya zai karɓe aikin daga hannunsa.

Don kai mutum daga shafi zuwa shafi a cikin manhajar, Gwani ya ɗauko wani laburare, wato shiryayyen kod, irin rubutun da ake gina manhaja da shi, wanda wasu 'yan sa-kai suka rubuta suka bar wa duniya kyauta. Komai na tafiya daidai sai ranar Litinin. Mutum ya cika sunansa da ciwonsa, da ya danna maɓallin komawa baya sai manhajar ta jefa shi shafin farko, duk abin da ya rubuta ya goge.

Wadda ta gano matsalar ita ce Anti, mai gwada manhajojinsu kafin su fita. Ta girme shi da shekara goma sha biyar, amma shi a wurinsa 'yar danne-danne ce kawai. Ko kallon wayarta bai yi ba ya yanke hukunci cewa laburaren ne ruɓaɓɓe.

Ya hau shafin da ake kai wa masu laburaren ƙorafi, wanda kowa ke iya karantawa, ya rubuta cewa wanda bai iya aiki ba ya daina ɓata wa mutane lokaci.

Wata mata daga cikin masu kula da laburaren ta amsa masa cikin ladabi. Ta roƙe shi abin da suke roƙon kowa: ya faɗi wane zubi na laburaren ya sauke, tsoho ko sabo, ya kuma haɗa 'yar ƙaramar manhaja mai shafi biyu da ke nuna matsalar, don su gani da idonsu.

Aikin minti ashirin ne. Amma Gwani ya ji kamar an mayar da shi aji ɗaya. Ya rubuta mata cewa shi ba ɗalibinta ba ne, ta je ta gyara shirmenta. Ta sake roƙonsa, ya ƙara mata da wanda ya fi na farko muni. A karo na uku suka rufe ƙorafin, suka hana shi sake rubutu a shafin.

Anti ta ce masa ya haɗa 'yar manhajar mana, me zai rasa?

“Anti, ki tsaya a danne-dannenki,” ya ce. “In manya na magana ki riƙa yin shiru.”

Ta ji zafin maganar har cikin ranta. Ta dube shi, ta juya ga kwamfutarta.

Ranar Laraba Gwani ya tari Oga da cewa a cire laburaren gaba ɗaya, a ƙara masa mako biyu ya rubuta nasa. Ya rantse laifin ba nasa ba ne. Oga ya ɓata rai, ya tambayi Anti ko ta yarda.

Ta miƙa wayarta. Ta riga ta haɗa manhajar mai shafi biyu da kanta, maɓallin kuma na aiki lafiya lau. Daga nan ta bi kod ɗin Gwani layi-layi. Ashe ɓangaren da ke riƙe tarihin shafukan da mutum ya bi, Gwani ya cusa shi a cikin wani shafi mai sabunta kansa, duk sabuntawa sai tarihin ya goge. Ta ɗaga layi uku zuwa inda ya kamata, matsalar ta ɓace.

Oga ya sa aka buɗe masa shafin ƙorafin. Ya karanta zagin a tsaye, da sunan kamfaninsa manne a ƙarƙashin hoton Gwani.

“Mutanen da ba mu ba su ko ruwan sha ba ka zaga da sunana?” ya ce. “Anti ce za ta nuna aikin gobe, kuma daga yau a hannunta yake. Kai kuma ka ba matar nan haƙuri a inda ka zage ta, kafin ka bar ɗakin nan.”

Gwani ya zauna, ya buɗe shafin, sai ya tuna an hana shi rubutu. Ya daɗe yana kallon allon. Daga ƙarshe ya ja ƙafa zuwa teburin Anti, murya ƙasa-ƙasa, ya roƙe ta ta aika wa matar saƙon ban haƙurinsa ta asusunta.

Ba ta ɗago ba.

“Ka jira, ƙanena,” ta ce. “Ina danne-danne.”

Haka ya tsaya a kanta, hannu a baya, har aka tashi daga aiki.

Darasi: Kafin ka zagi kayan da aka ba ka kyauta, duba hannunka tukuna. Wanda ya ce ka nuna masa matsalar ba raina ka ya yi ba, taimakonka yake son yi. Kuma kada ka wulaƙanta na kusa da kai, wata rana ta hannunsa za ka nemi gafara. Ku tura wa abokan aikinku, musamman mai saurin baki.