Katangar Kura da Kalangun Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta da kyau.

Kura ce ta ƙosa da dakan maƙwabciyarta Bushiya.

"Haba Bushiya, kullum tim-tim! Kaina zai fashe!"

"To Yaya Kura, tsaba zan ci?"

Sai Kura ta kwaɓa ƙasa, ta tayar da katanga mai kauri tsakaninsu.

Ranar sunan jikan Bushiya aka yanka rago, aka saki kalangu. Kura ta kasa kunne, ta ji kiɗan can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa. Ta ce, "Wannan bikin hayin rafi ne!" Ta falla da gudu. Hayin rafi tsit. Ta yi ta bulayi, ga ƙaya ga yunwa, ta dawo da yamma ta tarar ana wanke tukwane.

"Bushiya! Suna a bayan ɗakina, ba kya kira na?"

"Na kira, Yaya, har muryata ta dishe. Katangarki ce ta tare."

"Naman fa?"

"Shi kam ba abin da ya tare shi."

Kura ta shige gida, ta yi ta surfa ashar. Ba wanda ya ji.

Ƙurunƙus kan gafiya. Wanda bai ji ba, ya duba katangarsa.