Tsuwar Rediyon Madam Nagwa

A hunturun da aka sauya na'urorin magana a hasumiyar filin jirgin garinmu, akwai wata ma'aikaciya, Madam Nagwa, wadda ta shekara ashirin da shida tana ba jirage umarnin sauka da tashi.

Daga Alƙahira aka turo Injiniya Medhat ya jagoranci sauyin. Sabuwar na'urarsa tana tace murya tas, kuma da wannan yake tinƙaho.

Tsohuwar rediyon kuwa tana da wani hali. Idan matuƙa biyu suka danna maɓallin magana lokaci guda, sai ta yi tsuwa mai huda kunne. Kowa a hasumiyar ya san ma'anarta: mutum biyu ne suka amsa, a sake tambaya.

Ranar gwaji Madam Nagwa ta sa aka danna biyu tare. Murya ɗaya ta fito sarai, ɗayar ta ɓace.

"Injiniya, ina tsuwar?"

"Ai ita muka zo kashewa, Hajiya."

"To in biyu suka amsa mini, wa zai gaya mini?"

Ya juya ga ma'aikata yana murmushi. "Kun ji ko? An kawo mata shiru, tana kewar hayaniya. Hajiya, in tsuwa kike so, a sayo miki tsuntsu a kasuwa."

Aka yi dariya, har da waɗanda ita ta koya wa aiki.

Ya sa aka kwashe tsofaffin rediyoyin zuwa sito. Ita ta riƙe ɗaya, ta tura ƙarƙashin teburinta kusa da kofunan shayi, ta bar ta a kunne. Da ya gani bai yi mata magana ba. Takardar gargaɗi ya rubuta: ta ƙi bin umarni, ta ajiye tarkace a wurin aiki, ta fitar da shi kafin Alhamis. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya aika kwafi hedikwata don a san shi ba ya wasa.

Laraba da safe hazo ya taso daga kogi, ko titin jirgi ba a gani. Jirage biyu suna jira a mashiga daban-daban, 412 da 421.

"412, shiga titi ka tashi," in ji Madam Nagwa.

Sabuwar na'urar ta kawo amsar 412 tas. A ƙarƙashin tebur, tsohuwar ta yi tsuwa.

Ta miƙe tsaye. "Kowa ya tsaya inda yake! 421, ina kake?"

"Ina kan titi, Madam. Ba ni kika ce ba?"

412 ya riga ya fara gudu, ɗauke da masu Umra ɗari da arba'in. Ya taka birki. Da ya tsaya, abin da ya rage tsakaninsa da 421 bai kai tsawon filin ƙwallo ba.

Masu bincike suka zo daga hedikwata. Shugabansu, Ustaz Girgis, ya tara ma'aikata ya tambayi wanda ya kawo shawarar barin tsohuwar rediyon.

Injiniya Medhat ya gyara kwat. "Tsarina ne, ranka ya daɗe. Ni na ce a bar ɗaya saboda irin wannan ranar."

Waɗanda suka yi dariya ranar gwaji suka sunkuyar da kai. Madam Nagwa ma kofin shayinta take kallo.

Ustaz Girgis ya buɗe jakarsa, ya zaro kwafin takardar nan mai hatimi, ya miƙa masa.

"Karanta mana da ƙarfi, Injiniya. Muryarka tana fita tas."

Darasi: Kafin ka kashe ƙarar da ta dame ka, tambayi wanda ya daɗe yana sauraronta me take faɗa. Kuma in ana yi wa mai gaskiya dariya a gabanka, kada ka taya. Ku tura wa duk wanda aka ba iko kan waɗanda suka riga shi sanin aiki.