Batirin da Si Lakhdar Ya Cire

Akwai wani mai gyaran murhun gas na ɗumama ɗaki a garin Batna, ana ce masa Si Lakhdar. Shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a, kuma da kunne aka san shi. Zai shiga gida ya ce kowa ya yi shiru, ya karkata kai kusa da murhu, sai ya ce, "Bakin wutar ne ya toshe." In aka buɗe, haka za a tarar. Da sanyi ya sauko daga duwatsu, ko liman sai ya bi layi.

A benen da ƙanwarsa Zulikha take zaune akwai wata mata, Lalla Yamina, ƙofarsu na kallon juna. Mijinta marigayi shi ma mai gyaran murhu ne. Da kunnensa ya mutu, sai ya riƙa tafiya aiki da ita. Ita ke saurare ta faɗa masa abin da ta ji, shi kuma ya gyara. Shekara tara suna haka.

Bayan rasuwarsa, matan unguwa suka ci gaba da kiranta. A lura da kyau, ba ta taɓa ƙwace wa Si Lakhdar aiki ko ɗaya ba. Ba ta gyara. Saurare kawai take yi, ta ce, "Ku kira Si Lakhdar, ku ce masa abu kaza ne."

To wannan ɗin ne ya tsaya masa a maƙogwaro. A da shi ke faɗa a yi mamaki. Yanzu kafin ya ajiye akwatin kayan aikinsa an riga an gaya masa. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, daidai take faɗa.

Har surukinsa Tayeb, mijin Zulikha, ya fara tsokanarsa a shagon gahawa. "Yaya, ka huta abinka. Ita kunne, kai hannu."

Si Lakhdar ya yi dariya tare da mutane, amma gahawar ranar ba ta shiga ba.

Wata Alhamis da la'asar, na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba da ke manne a bangon ɗakin Zulikha ta fara ƙara. Ta kira yayanta. Yana shiga ya ji. Murhun yana numfashi da ƙyar, wutar da ya kamata ta zama shuɗiya ta koma rawaya, ga baƙi-baƙi a saman gilashin murhun. Ya kuma ga 'yar tagar iskar da ke ƙasan bango an cushe ta da tsohon bargo, kamar yadda kowa ke yi in dusar ƙanƙara ta sauka. Ya san hayaƙi ba ya fita.

Ya buɗe baki ke nan zai faɗa, sai ga muryar Yamina daga bakin ƙofa, ga maƙwabta mata uku a bayanta.

"Barka da zuwa, Si Lakhdar. Bututun hayaƙin ne, ko? Sau huɗu take ƙara a jere, ta huta, ta sake. Da batir ne, sau ɗaya za ta riƙa yi."

Matan suka gyaɗa kai, ba wadda ta dube shi.

"Batir ne," in ji Si Lakhdar.

Ya miƙa hannu ya sauke na'urar, ya cire batirin, ya jefa a aljihun rigarsa. Ɗaki ya yi tsit.

Yamina ta ce, "A kashe murhun dai har a duba sama. Ba don ni ba."

"A cikin wannan sanyin? Lalla Yamina, je ki saurari tukunyarki, ina jin tana kiranki."

Ta juya ta koma gidanta.

Shi a ransa ya gama shiri. Zai dawo ranar Asabar ya hau rufin ya share bututun, ba wanda zai ce wata ce ta nuna masa. Kwana biyu ne kawai, in ji shi. Ko ya ce wa ƙanwarsa ta cire bargon nan bai yi ba, don faɗin haka daidai yake da cewa Yamina ta yi gaskiya.

Bai kuma tsaya nan ba. Da yammacin ranar ya je shagon gahawa, ya karkata kai ya maƙale murya yana kwaikwayonta: "Sau huɗu, ta huta, ta sake." Ya ce mijinta kurma ne, ita kuma ta gaji kayan aikin ba ta gaji hankalin ba. Mutum goma sha huɗu ne a wurin, kuma duk sun yi dariya. Matar da ba ta yi masa komai ba, da mamacin da ba zai iya ramawa ba.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya tafi gidan Zulikha cin kuskus kamar kowane mako. An rufe tagogi ruf, murhu na ci. Da shigarsa ya sake jin numfashin nan, ya zauna ya ba shi baya.

Aka ci aka sha nono. Tayeb ya jingina da matashi ya ce, "Kuskus ɗin yau ya yi aiki, ko yatsana ba na iya ɗagawa."

Zulikha ta ce kanta ne ke ɗan sarawa, bari ta kishingiɗa. 'Yarsu Nawal, mai shekara shida, ta yi barci da cokali a hannu. Ba wanda ya ga abin mamaki. Duk garin haka ake yi ranar Juma'a, a ci kuskus jiki ya mutu.

Si Lakhdar ne kaɗai ya san ba abincin ba ne, gubar hayaƙin murhun ce ta cika ɗakin. Ya ce bari ya tashi ya buɗe taga, sai ya kasa miƙewa. Ya kira sunan Zulikha, muryar ba ta fita ba. Yana kallon Nawal, hannunsa ya faɗi kan aljihunsa, ya ji batirin yana nan inda ya jefa shi jiya.

Duk Juma'a Zulikha kan aika wa Yamina kwanon kuskus, ita kuma sai bayan magariba take mayar da kwanon da dabino a ciki, don ba a mayar da kwano ba komai. Ranar ba ta jira ba. Tun jiya hankalinta bai kwanta ba, sai ta juye abincin ta ɗauki kwanon ya zama mata dalili. Ta ƙwanƙwasa sau uku. Gidan da ke da yarinya, amma ba motsi. Ta ɗauko makullin da Zulikha ke ajiyewa a wurinta.

Ta wangale tagogi, ta kashe gas, ta finciko bargon daga tagar iska, ta sungumi Nawal ta fita da ita tana kiran mazan bene. Aka kwashe su zuwa asibiti. Manyan sun dawo washegari. Nawal sai da ta kwana uku.

Da aka hau rufin, aka tarar da sheƙar tantabara ta cika bututun.

Si Lakhdar ya sayi kwalin alewa, ya zaɓi lokacin da bene ya yi shiru, ya ƙwanƙwasa ƙofar Yamina. Ya yi godiya, ya ba ta haƙuri ƙasa-ƙasa yana waige.

Ta dube shi ta ce, "Kai ma ka ji ranar Alhamis, ko?"

"Na ji."

"Na san ka ji. Kunnenka ya fi nawa, shi ya sa na kasa barci. Allah ya kiyaye gaba."

Ya ɗauka magana ta ƙare. Tayeb ya tare shi a matakala.

"Yaya, a ina ka yi mata dariya?"

"Ai na ba ta haƙuri."

"A bayan ƙofa, kamar ɓarawo. Ni ma na tsokane ka, na kuma yi dariyar, nawa laifin na ɗauka. Amma ba ka ƙara cin abinci kusa da 'yata sai ka mayar wa matar nan mutuncinta a inda ka zubar da shi."

Ranar Litinin Si Lakhdar ya shiga shagon gahawa, ya ajiye batirin a tsakiyar teburin masu karta. Ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau. Na sani lokacin da na cire shi. Lalla Yamina ta riga ni faɗa ne na kasa haɗiyewa, na kusa kashe 'yar ƙanwata. Abin da na faɗa a kanta da mijinta ƙarya ne."

Sai ya ƙirga waɗanda ke zaune. Cikin goma sha huɗun da suka yi dariya, goma sha ɗaya ne a wurin. Ya mayar da batirin aljihu, ya bi sauran ukun gida-gida.

Darasi: Gaskiya ba ta zama ƙarya don wanda kake hassada da shi ne ya riga ka faɗa. Wanda kuma ka ci wa mutunci a gaban jama'a, a gaban jama'ar nan za ka wanke shi, kwalin alewa a bayan ƙofa bai isa ba. In na'urar gargaɗi ta yi ƙara a gidanku, ku kashe wuta, ku buɗe tagogi, ku fita, sannan a yi gardamar wa ya fi sani. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta, musamman wanda kuka san akwai haƙurin da bai bayar ba har yau.