Manajan da Butoci Suka Binne

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An taɓa yin wani mutum a nan garin, ba zan faɗi sunansa ba, don wataƙila surukinsa yana sahun gaba. Manaja ne a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga butocin alwala. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye. Ciwonsa ɗaya ne, girman kai da son a gani a yaba.

A ƙarƙashin benen ofishinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta, an lulluɓe ta da zanen atamfa saboda ƙura. Manhajar cikinta ta girmi wasu ma'aikatan. Kowane manaja da ya wuce sai da ya ɗaura mata wani aiki, ya tafi bai gaya wa kowa ba. Ita ke busa jiniyar canjin aiki da ta sallah. Ita ke tura wa direbobin Dakata saƙo idan sito ya cika. Ita ke karɓar awo daga sikeli, sannan ta ɗaga sandar ƙofa mota ta fita.

Mutumin nan kunyarta yake ji. In baƙi suka zo, gabanta yake tsayawa ya baza babbar riga.

Sai ya lallaɓa mai kamfanin, Alhaji Abdulbaƙi, aka sayo sabuwar manhaja, mai allo kamar talabijin ɗin gidan kallo. Wannan ba laifi ba ne, jama'a. Addini bai hana sabon abu ba.

Injiniya Fiddausi, wadda ta zo haɗa sabuwar, ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ku bar tsohuwar a kunne tukuna, mu bi wayoyinta mu ga me da me ke rataye da ita."

Ya ce, "Injiniya, jibi za a yi walimar buɗewa, da 'yan jarida. Wannan gawar za su ɗauka a hoto?"

Ranar walimar ya cire ta da hannunsa, ya kira mai jari-bola ya ba shi kyauta, har da zanen. Aka yanka rago, aka tafa. Washegari ya tafi Abuja taron manajoji, don ya yi lacca a kan zamani.

To, azumi ya gabato, lokacin da buta ke tsada. Dilolin Maraɗi da Damagaram suna jiran kaya, kuma Alhaji ya riga ya yi musu alkawari da bakinsa.

Ranar da ya tafi, jiniya ba ta busa ba. Masu aikin safe suka yi ta aiki, sai da wani Bajigawe ya leƙa waje ya ga inuwa ta juya, ya yi salati. Direbobi kuwa suna Dakata suna shan shayi, kowa yana duba waya, ba saƙo. Ɗaya ya gaji ya zo da kansa, aka yi masa lodi, ya hau sikeli. Sikeli ya auna, ya aika wa kwamfutar da babu ita. Sanda ta ƙi ɗagawa. Motar ta toshe ƙofa, ba shiga ba fita.

Aka buga wa manaja waya. Ya duba sabuwar manhajar a wayarsa, ya ga komai kore shar. Ita butocin da inji ya buga take nunawa, ba wanda ya gaya mata akwai ƙofa a duniya. Ya ce duk wanda ya kashe inji ko ya taɓa sandar nan, a bakin aikinsa.

Wa zai yi musu da mai lacca a Abuja?

Inji ya ci gaba da haihuwa. Sito ya cika, aka zuba a baranda. Baranda ta cika, aka zuba a ɗakin masu gadi. Aka kai ga masallacin ma'aikata, butoci suka fi masallata yawa, ga buta ko'ina amma babu wurin shimfiɗa darduma. Dilolin nan suka gaji da jira, suka wuce Bompai suka sayi na wani kamfani.

Da manaja ya dawo ya tura ƙofar ofishinsa, butoci suka zubo masa har ƙirji, hula ta yi nata wuri. Ya ruga neman mai jari-bola. Ya same shi, amma kwamfuta an riga an fasa ta an sayar a kilo. Zanen kaɗai aka mayar masa.

Alhaji Abdulbaƙi bai zage shi ba. Ya ce, "Malam, kuɗin sallamarka suna nan, amma a buta suke. Ka zo da mota."

Ya 'yan uwa, na ga kuna dariya, ni kuwa wallahi tausayi ya ba ni, mutum ne mai iyali. Ba sabuwar manhaja ce ta kayar da shi ba. Raina abin da ke ɗauke da shi ya yi, aka ba shi shawara ya ƙi. Kafin ka tsige tsohon abu, a kamfani ne ko a gidanka, tambaya tukuna: su wa ke jingine da shi? Wani tsohon da kake gani a zaure ba ya komai, shi ke riƙe da zumuncin gidan gaba ɗaya.

Butocin da kuka yi alwala da su yau, shi ya kawo su sadaka, don ya rasa mai saye. Ya ce akwai saura, kowa ya ɗauki biyu in zai fita.

Allah ya kiyaye mu da girman kai, ya sa mu ji shawara tun ƙofa tana buɗuwa. Amin.