Injin Kofin Baba Ishaku

Akwai wata mata a unguwar Daɗin Kowa da ke Jos mai suna Ummusalma, malamar firamare, wadda in ta ce a'a, to ko za ka kwana kana magana a'a ce.

Mahaifinta, Baba Ishaku, kukun Turawan kuza ne a zamaninsa. A wurinsu ya koyi shan kofi baƙi wuluk, mai kauri, a ɗan ƙaramin kofi. Da gidansu na unguwar Congo-Russia ya ƙone a rikicin 2001, tukunyar kofinsa ta tafi tare da komai. Ya dawo gidan Ummusalma, amma ya daina karyawa da safe. Kofin gwangwani kuwa, ya ce wannan ruwan wanke tukunya ne. Tsoho sai ramewa yake, abin yana cin ranta.

Yayanta Sharafaddeen ya sayo wani injin dafa kofi mai walƙiya, maɓallai rututu kamar rediyon mota. Unguwa kaf ta ji labari. Ranar da wuta ta zo da rauni, injin ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, shi ke nan. Mai shagon ya ce kaya in ya fita ba ya dawowa.

Sai Ummusalma ta ɗauki mayafinta ta nufi Tina Junction, shagon Hyginus, wani Inyamuri mai sayar da kayan Beljiyam, wato na gwanjo.

Ta nuna wani inji mai kyau. Hyginus ya girgiza kai.

"Madam, wannan kyau kawai yana da shi. In ta lalace, babu kaya a Jos. Ɗauki wancan."

Wancan ɗin tsoho ne, mai nauyi, maɓalli ɗaya, hannu ɗaya, ga tabo a gefe. Ta ce sai an gwada a gabanta. Ya gwada. Ta ce ya buɗe cikinsa ta gani. Ya buɗe, ya nuna mata robar da ke cinyewa, ya ba ta biyu. Ya ce zai zo da kansa ya haɗa mata da sitabilaiza.

Washegari Hyginus na isowa da kwali a ka, Sharafaddeen ya tare ƙofa.

"Ummu, kin haukace? Bayan abin da aka yi mana, ki kawo mana shi har gida?"

"Yaya, shi ya ƙona mana gida?"

"Duk ɗaya ne!"

"Ba ɗaya ba ne. Shagon yayansa ma an ƙona. Kuma gidan nan nawa ne, uban nan namu ne, kana gani yana ƙarewa. Wallahi sai ya shiga. Matsa."

Ba ta taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, amma ba ta ja da baya ba. Sharafaddeen ya matsa yana huci.

Aka haɗa inji. Kofi ya fara ɗiga, ƙamshi ya cika falo. Sai ga Baba ya fito daga ɗaki yana dogara sanda, ba wanda ya kira shi. Ummusalma ta miƙa masa kofi, ya kurɓa, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ummu, kawo mini burodi da ƙwai."

Ta juya da sauri don kada a ga hawayenta. Hyginus ya fara tattara kayan aikinsa zai tafi, Baba ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka? Zauna, ɗana. Sharafaddeen, kana tsaye kamar soja, zo ka zuba wa baƙona."

Sharafaddeen ya daɗe a bakin ƙofa. Sannan ya tako, ya ɗauki kofin, ya tambayi Hyginus a hankali, "Oga, ina ake dannawa?"

Darasi: In za ka sayi kaya, duba ƙarfinsa da amanar wanda zai tsaya maka in ya lalace, ba walƙiya ko ƙabilarsa ba. Kuma in kana kan gaskiya, ka tsaya ko da na gida ne ya tare maka ƙofa. Ku tura wa 'yan uwa su ma su karanta.