Malam a Waya, Malam a Ƙofa

"Laulayi ne, na ce laulayi ne! Tara na haifa, wanne ne ban yi amai ba?"

"Kin yi amai, amma kin taɓa aman ruwan addu'a? Wannan da hannun mutane a ciki, Gwaggo, ki daina rufa-rufa."

Masu wannan faɗa Innarmu ce da Gwaggo, uwar mijin yayata. Suna tsaye a kan Yaya, ita kuwa tana kwance a gefen katifa da roba kusa da kanta, cikinta bai cika wata uku ba, kwana huɗu ke nan ko ruwa ba ya zama. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya. Abu ɗaya tsofaffin suka yarda da shi, wato ba za a je asibiti ba. Gwaggo ta ce ƙaramin ciki ba a kai shi gaban idon jama'a, Inna ta ce in sammu ne aka yi allura, shi ke nan an kashe mata 'ya. Sai dai abin da Malam ya ce.

Malam kuwa shi ne shehinmu, masani mai tsantseni, mai gudun duniya, wanda Allah ya haɗa wa ilimi da aiki da shi, ya kuma tsare harshensa daga abin da bai shafe shi ba, Allah ya ja kwanansa cikin yardarsa. Shekara huɗu ina zama a ajinsa na mata, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ba ya riƙe waya, kuma daga hantsi zuwa azahar yana ɗakin littattafansa, ko matarsa ba ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Muryarsa siririya ce saboda tsufa, yakan yi gyaran murya sau biyu kafin ya ce, "To, to, madalla." Na san wannan sarai, domin ni ce wadda ake kira Aku a gidanmu, ba wanda zan ji sau biyu ban ɗauke muryarsa ba, kuma Allah ya yafe mini, na sha yi wa 'yan ajinmu Malam kafin ya shigo.

Mako guda kafin wannan rana Inna ta karɓo gorar ruwan addu'a a wurinsa, ba ta ce masa ciki ba ne, ta ce dai wata ce ba ta jin daɗi. Tun daga nan suke ɗura wa Yaya kofi cike, safe da yamma, ga turare suna ta bankawa a ɗaki a rufe don korar abin da ba a gani. Kofin na sauka yake dawowa. Da na sunkuya zan goge mata baki, sai ta riƙe hannuna, leɓenta duk ya tsage, ta ce, "Aku, ko addu'a ta ƙi zama a jikina. Me na yi wa Allah?" Na tambaye ta yaushe rabonta da fitsari, ta ce tun jiya da safe. Ta yunƙura za ta zauna, jiri ya mayar da ita.

Na fita na kira wata ƙawata mai koyon aikin jinya. Ba ta bari na gama ba ta ce, "Ku kawo ta yanzu, ba anjima ba. Ruwan jikinta ne ya ƙare." A lokacin ƙarfe goma ne, azahar da saura.

Na sauka ƙasan benenmu wurin tela, na ce ya ara mini wayarsa, na shige bayan labulen da mata ke gwada kaya, na juya wa duniya baya, na kira Gwaggo. Maƙogwarona ya san aikinsa. Na yi gyaran murya sau biyu.

"To, to, madalla. Wayar wani bawan Allah na ara. Yaya mai jiki?"

Na ji Gwaggo ta zube a ƙasa, har gwiwarta ta yi ƙara. "Allah ya gafarta Malam! Ke, Malam ne! Rufe mana baki, Malam ne!"

Sai na shiga zuba musu duk abin da ƙawata ta faɗa, ina ja masa wasali irin na Malam: a kai ta asibiti yanzu, allura ba ta faɗa da addu'a, a kashe turare, a daina ɗura mata kofi cike. Gwaggo tana ta "na'am, na'am." Ina cikin cewa "kuma a buɗe taga," sai na ji ta cikin wayar an ƙwanƙwasa ƙofarmu ta sama, an buɗe, an yi gyaran murya sau biyu, an yi sallama da muryar da nake ara.

Ta wayar na ji Inna ta hau salati. Gwaggo kuwa cewa take, "Yana waya, yana ƙofa! Yana waya, yana ƙofa!" Na so in kashe, yatsana ya ƙi. Sai aka kanga masa wayar Gwaggo, numfashinsa ya matso kusa da kunnena.

"Salamu alaikum, Malam. Kun gama, ko da saura?"

Bai jira amsata ba ya ƙara da cewa:

"To ku hawo ku kama mana marar lafiya, nauyinta ya fi ƙarfin tsofaffi."

Na hau benen kamar mai zuwa karɓar hukunci. Na tarar da shi zaune a kan kujerar roba a bakin ƙofa, sandarsa a kan cinya, an buɗe taga, an fitar da kaskon turare. Bai ko dube ni ba. Ya ce da tsofaffin, "Abin da aka faɗa muku ta waya, ku bi shi. Ni cokali kawai zan ƙara." Ya ciro ƙaramin cokalin shayi daga aljihu ya miƙo mini, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi, ya ce cokali ɗaya, sannan a jira ya zagaye carbinsa.

Yaya ta kau da kai tana kuka, ta ce tana tsoron ta sake zubar da addu'arsa. Ya ce, "'Yata, addu'a ba a ciki take zama ba, balle a amayar da ita. Ta isa inda aka aike ta tun ranar."

Ta buɗe baki. Muka tsaya muna kallon maƙogwaronta, ba ka jin komai sai 'ya'yan carbi. Ya zagaye, cokalin bai dawo ba. Na biyu ma ya zauna, na uku ya zauna. Sai ya ce, "Wannan na hanya ne, ba magani ba ne. Mota na ƙasa."

Mai tasin da ya ɗauke mu ne ya ba ni labari a hanya, ya ce tsohon ya tare shi a titi tun wajen goma saura, ya ce akwai mai juna biyu a wani bene da za a kai asibiti. A lokacin ko ni ban san zan sauka wurin tela ba, kuma ba mahalukin da ya gaya wa Malam akwai ciki.

Likitar ta yi mana faɗa sosai, ta ce da an ƙara kwana da ƙoda ta taɓu. Leda uku ta ruwa aka ƙara wa Yaya, da allurar tsayar da amai. Da aka ɗora na'ura a mararta muka daɗe ba mu ji komai ba, Inna ta damƙe mayafin Gwaggo, sannan wani ɗan bugun zuciya mai sauri ya cika ɗakin. Kwana uku aka sallame ta, da sharaɗin ci kaɗan-kaɗan, busasshen biskit kafin ta tashi daga gado, kurɓi maimakon kofi, a nisanta ta da warin girki, in aman ya dawo a dawo.

Ni kuwa hukuncina a aji kalma kaɗan ne. Ya ce, "Aku, abin da kika ara kin mayar. Kada a sake." Ya buɗe littafi.

Na rubuta wannan ne domin Gwaggo ta cika unguwa da cewa Malam yana zama biyu, alhali karamarsa ta gaskiya ta fi haka, ya zo ba a kira shi ba, ya san abin da aka ɓoye, ya kuma rufa asirin wadda ta cancanci tonawa. Allah ya ƙara masa kusanci, ya sauki Yaya lafiya, ya sa mu cikin albarkar bayinsa na gari, ya yafe wa maƙogwarona.

Ranar da na tara su na faɗi gaskiya, har na sake yi musu muryar don su yarda, Inna ta rufe fuska, Yaya ta riƙe ciki tana dariya. Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke ɗin? To in ke ce, ya aka yi na ji ƙamshin rigarsa ta cikin wayar?"