Mantau da Dutsen Masu Kira

A zamanin da fatake ke ratsa Kurmi da ƙafa, an yi wani maharbi mutumin Kwatarkwashi, sunansa Mantau. Kirarinsa shi ne: Mantau namijin duwatsu, kibiyarka ba ta dawowa da kunya. Shi da ƙanensa Jatau suka ɗauki aikin tsaron wani ayari na mutum arba'in har bakin teku. Can suka shiga jirgin ruwa za su gangara wata kasuwar goro, sai guguwa ta kwashe su, ta yi kwana huɗu tana juya su, ta yar da su a wani tsibiri da babu wanda ya san sunansa a cikinsu.

Masunta ne ke zaune a gaɓar tsibirin, kuma sun karɓi baƙin hannu biyu. Amma baƙin sun tarar da su cikin wahala, domin rafin da ke gangarowa daga dutsen tsakiyar tsibirin ya ƙafe shekara biyu ke nan. Ruwan fadama ake sha, mai gishiri da wari. Kafin wata ya cika, ayarin ya binne mutum tara.

Mantau ya je wurin wata tsohuwa mai suna Sobe, wadda ta taɓa zama da Hausawa a gaɓar teku tana jin harshen. Ya ce, "Inna, me ya tare ruwan?"

Ta ce, "Ɗana, mutum shida muka tura su dubo. Har da ɗan cikina. Dutsen yana kiran mutum da muryar wanda ya sani. In ka hau, ko uwarka ka ji, kada ka amsa."

Da hantsi Mantau da Jatau suka kama hanya, da gatari da igiya da kwari da baka. Dajin ba irin wanda suka sani ba ne. Itatuwa sun haɗe sama har rana ba ta taɓa ƙasa, ganye na ɗigar ruwa ko babu hadari, matsattsaku na manne musu a ƙafa suna cirewa da jini. Kwana biyu suna hawa, suna kama saiwoyi, taɓo na zame musu. A rana ta uku suka shiga cikin gajimare, har mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon mashi. Kukan birai ya ɗauke. Daji ya yi tsit.

Sai wata murya ta fito daga sama, muryar namiji, tana kuka da harshen masunta. Wata ta amsa daga hagu, wata daga ƙasa, duk suna maimaita magana ɗaya. Jatau ya ja da baya, ya ce:

"Yaya, matattu ne. Mu koma."

"In mun koma me za mu ce wa masu shan ruwan fadama? Riƙe igiya, kada ka buɗe baki."

Suka bi wata siririyar hanya a gefen dutse, dama bango, hagu rami da ba a ganin ƙarshensa. Muryoyin suka matso har kamar a bayan kunne. Jatau ya waiga a firgice, ƙafarsa ta zame. Igiya ta ja Mantau ya faɗi rub da ciki, ya rungume wata saiwa, igiyar na yankar tafinsa.

"Yaya, kada ka sake ni!"

Bai sake shi ba. Igiyar ce ta gogu da kaifin dutse ta tsinke. Mantau ya daɗe a kwance yana sauraro, bai ji ko saukar Jatau ba.

Yana nan sai ya ji daga bisa kansa: "Yaya, kada ka sake ni!" Muryar Jatau ce sak. Bakinsa ya buɗe zai amsa, sai ya cije leɓe har jini. Ya ɗaga kai a hankali. A kan reshe ya ga wani aku mai launin toka da jar wutsiya yana kallonsa, bayansa wasu ɗaruruwa jere. A nan ya gane cewa kukan ƙarshe na mutanen Sobe suke ta maimaitawa, yanzu kuma sun ƙara da na ƙanensa. Ya ɗana kibiya, sannan ya mayar da ita kwari. Wanda ya kashe tsuntsun nan ya kashe abin da ya rage na Jatau.

Ya ci gaba da hawa shi kaɗai, muryar na bin sa. A ƙolin dutsen ya tarar da tafki baƙi ƙirin, zaftarewar ƙasa da manyan itatuwa sun toshe mafitarsa. Kwana biyar yana sara da tono, tafin hannunsa duk a tsage. A rana ta shida toshiyar ta yi ƙara kamar aradu, ruwa ya ɓalle ya nufi gaɓa.

Ruwan ya riga shi isa gari da kwana biyu. Da ya sauko, sai da Sobe ta ƙura masa ido kafin ta gane shi, domin kansa ya yi fari fat. Ta tambaye shi ɗanta. Ya ce, "Inna, na ji muryarsa. Tana nan tare da ta ƙanena."

Da wani jirgi ya zo, sauran fatake suka koma gida, Mantau ya ƙi binsu. Ya kafa bukka a gindin dutsen inda rafin ke faɗowa, ya yi aure cikin masunta, wurin ya zama garin da ake kira Mashayar Mantau. Har yau ba a harbin aku a garin. Duk mai hawan dutsen kuwa sai an ɗaura masa igiya biyu a ƙugu, kuma daga inda gajimare ya fara ba a kiran kowa da suna. Tafi ake yi, a jira a ji tafin ɗan'uwa.